Jar Fitilar Baba

Baba ya cika ranar Talata da hantsi, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Kafin maza su dawo daga maƙabarta, gidan nan na unguwar Runjin Sambo a Sakkwato ya cika har mutum ya rasa inda zai ajiye takalminsa. Masu keke da masu babur sun toshe lungu suna musun wanda zai ja baya, a ƙofar gidan mutuwa fa! Ni ina tsakar gida ina raba wa mata ruwa, don duk da na daɗe da barin gidan, ba wanda ya fi ni sanin inda tabarmi da kofuna suke.

Kowa ya zo da abin da ya tuna. Wata tsohuwa maƙwabciya ta riƙe hannun Inna, matar marigayin, tana cewa, "A wayar gidan ga anka gaya min an haifi jikana a Legas. Shi da kanshi ya taka ya kira ni, na baro muciya cikin tukunya." Wani dattijo da suka yi aikin kamfanin waya tare ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ya fara ba da labarin yadda suka ja waya har Wamakko cikin zafin bazara, kuka ya ci ƙarfinsa, ya juya bai ƙarasa ba. Inna ba ta yi kuka ba. Tana zaune a gefen gado da carbi, tana amsa gaisuwa, idonta na kan bango inda wata 'yar jar fitila take ci a jikin gwangwanin alewa.

A bayan randa na ji wasu 'yan mata biyu suna raɗa. Ɗaya ta ce, "Wai shi ne tsohon nan mai gyaran wayar da ta mutu?" Ɗayar ta ce, "Shi ne. An ce kanshi ya ɗan taɓu." Wallahi saura kaɗan in watsa musu ruwan da ke hannuna. Darajar gawa ta hana ni. Amma maganar ta tsaya mini a rai, kuma ita ta sa nake wannan rubutu, don kada yaran unguwa su tashi da cewa abin da aka sani game da Baba ke nan.

Ni matar ɗansa na fari ce, ko in ce na taɓa zama. A gidan nan na haifi 'ya'yana biyu.

Lokacin da aka kawo ni, Baba ya riga ya bar aiki. Siriri ne, ba ya son hayaniya, aljihunsa kullum cike da kusoshi da guntayen waya, har Inna ta riƙa zazzage rigarsa a faranti kafin wanki. Gidansa kaɗai ke da wayar girke a lungunmu, don haka wayar ta zama ta kowa. Ana kiran wance daga Kaduna, ana kiran wane daga Ikko, Baba ya sa takalmi ya je ya kira mutum, bai taɓa nuna gajiya ba. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, dogon surutu. In mace ta zauna ta fara lissafa wa 'yar'uwarta waɗanda suka zo biki, sai ka ji gyaran muryarsa daga zaure. In ba ta gane ba ya ce, "A bar layi shi sha iska, wani na hanya." Mun mayar da maganar abin tsokana, ko a bakin rijiya wata ta daɗe sai mu ce mata a bar layi shi sha iska.

Yana da fara'a da kowa, ban da mutum ɗaya. Baba da Inna mutanen da ne, suna kunyar ɗan fari iyakar kunya. Ban taɓa jin sunan mijina a bakin ɗayansu ba. Baba yakan ce "wancan yaron". Inna ko wannan ba ta faɗa, sai ta ce mini, "Mutumin ɗakinki ya ci abinci?" In ya shigo gaishe su, Baba zai amsa yana kallon abin da ke hannunsa. Ina amarya abin ya riƙa ba ni haushi, na ce wane irin iyaye ne waɗannan? Daga baya na lura duk ranar da baban yara ya yi yamma bai dawo kasuwa ba, Baba zai fito da kujera ƙofar gida wai iska yake sha, da ya hango shi a kan kwana sai ya ɗauke kujerarsa ya shige.

Ƙanin mijina shi ne ɗan boko a gidan. Shi ya buɗe shago a jikin zaure, ya sa kwamfuta, ɗalibai suna tasowa tun daga wajen jami'a a Kwalkwalawa su aika saƙo ƙasashen waje. A wancan zamanin kwamfuta ba ta da wata hanyar fita duniya sai ta layin waya. Akwai wata na'ura, modem suke ce mata, ita ke buga lamba, ka ji tana tsuwa kamar gyare, sannan a haɗu. Layin kuwa ɗaya ne tal, shi ke shago, shi ke ɗakin Inna. In kwamfuta ta hau, duk mai kiran gidan zai ji layi a cike. In kuma wani ya ɗaga kan waya a cikin gida, aikin shago ya katse, a koma farko.

Ana cikin haka kasuwa ta juya wa baban yara baya. Ya yi ta faɗi-tashi, daga ƙarshe ya ce zai bi ta Nijar ya ƙetare hamada, ya yi aikin gini a ƙasar Larabawa kamar yadda wasu abokansa suka yi. Da ya je sallama, Baba yana liƙa wani abu da dalma, bai ɗago ba. Cewa kawai ya yi, "Ka san lambar gida." Shi ke nan sallamar. Ni da ke laɓe a bayan ƙofa na ji kamar in fasa ihu.

Baban yara ya riƙa kira ranar Juma'a, daga duk garin da suka yada zango. In waya ta yi ƙara ni ke ɗauka, Inna ta tashi ta fita wai za ta duba tukunya, ta tsaya a bakin taga inda take jin komai. Baba bai taɓa karɓar kan wayar ba. Sai na ajiye ya ce, "Lafiya dai?" In ce lafiya lau. Ya ce, "To madalla," ya koma zaure.

Ni kuwa duk Juma'a ba ni da sukuni. In na ga shiru sai in ɗaga kan waya in ji ko layin na da rai, in ajiye, an jima in sake ɗagawa. Kowace ɗagawa aikin shago ya tsinke. Rannan ƙanin mijina ya shigo ransa a ɓace, ya ce, "Haba Yaya! Mutane sun biya, saƙo ya kai rabi, ki katse min shi? Wayar ai ba guduwa za ta yi ba." Na ce masa ba kwamfuta na aura ba. Muka yi ta cacar baki har Baba ya shigo, ya ce kowa ya yi shiru, zai raba mu.

Ya shafe kwanaki a kan tabarmarsa, da gilashi a kan hanci, hayaƙin dalma na tashi. Ya haɗa wasu 'yan ƙananan kaya a cikin gwangwanin madara, ya kira mu ya yi mana bayani, don Baba ba ya yin abu bai bayyana ba. Ya ce layin waya yana da tasa wutar da ke zuwa daga babban ofis, ko an ɗauke wutar gari ita tana nan. In aka ɗaga kan waya, ko kwamfuta ta hau, ƙarfin wutar nan sai ya faɗi. Gwangwaninsa yana jin faɗuwar, sai ya kulle ɗaya ɓangaren. Wanda ya riga hawa shi ke da layi har ya sauka, na biyu in ya ɗaga ba abin da zai ji. Ya kuma sa wata 'yar taransifoma a tsakani, don in tsawa ta bi waya da damina kada ta ƙone kwamfutar. Abin ya yi aiki yadda ake so. Masu irin wannan shago suka riƙa zuwa daga cikin gari a haɗa musu nasu. Ban taɓa ganin Baba yana jin daɗin aikin hannunsa kamar lokacin ba.

Sai wata Juma'a ta zo, ɗalibai suka yi cincirindo a shago, wai ranar ce ta ƙarshe ta aika wasu takardun neman karatu. Kwamfuta ta hau layi tun da safe. Da aka tafi masallaci ma an bar ta tana aika abin da aka jera mata, ba ta sauka ba sai bayan la'asar. Na ɗaga kan waya ban san sau nawa ba, shiru kamar ka kara kunne a bango. Da yamma layi ya buɗe, na zauna a gabansa har aka kira magariba. Bai kira ba. Wata Juma'ar ma bai kira ba, haka wadda ta biyo ta.

Bayan watanni wani mutumin Wamakko ya yi sallama. Tare suka tafi da baban yara, zazzaɓi ya kwantar da shi a Agadas ya juyo. Baba ya sa aka shigo da shi zaure, ni da Inna muna bayan labule. Mutumin ya ce a Agadas baban yara ya karaya, don sun ji labarin motocin da suka shiga hamada ba a sake ganinsu ba. Ranar Juma'ar da motarsu za ta tashi, ya wuni a shagon buga waya. "Shina bugawa, layi cike. Shi koma bayan sahu, shi dawo, layi cike. Ya ce min yau ba matarshi za shi nema ba, Baba za shi ce a ba. In Baba ya ce dawo, to ya dawo. Har direba ya fara kiran mutane bai samu ba. Sai ya ce wata ƙila haka Allah Ya so, ya hau."

Ba wanda ya sake jin labarin motar.

Inna ta tashi a hankali ta shige ɗaki. Ni na zauna a wurin. Baba ya raka baƙon har bakin titi, ya yi masa godiya, ya dawo ya ɗauki sukundireba ya kwance gwangwanin madarar daga bango. Na zaci zai jefar. Ajiye shi ya yi a gabansa yana kallo. Da na zo wucewa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗiyata, da ban hana ki ɗaga wayar nan ba, da kin katse su, da ya samu shiga. Layi bai yi laifi ba. Ni na ɗaure shi." Na ce, "Baba, ƙaddara ce." Ya ce, "Na sani. Amma da hannuna ta biyo."

Ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba. Na tsani gwangwanin, na tsani shagon, na tsani kunyar nan tasu da ta hana uba ya ce wa ɗansa kada ka tafi. Na yi makonni ina ajiye masa abinci ba tare da na ce uffan ba, shi kuma bai taɓa tambayata dalili ba.

Gwangwani na biyu na alewa ne, shi ne wanda ke bangon ɗakin Inna har ranar da ya rasu. Wannan karon ya juya abin. Kwamfuta za ta hau na ɗan lokaci kaɗan, sai ka ji ƙas, gwangwani ya sauke ta da ƙarfi, ya bar layi a buɗe, sannan ya sake ba ta dama. In an ɗaga kan waya a cikin gida, nan take shago ya mutu. Ranar Juma'a kuwa Baba da kansa yake zare wayar shagon ya sa a aljihu. Ya kuma dasa 'yar jar fitila a murfin, ƙarama kamar ƙwayar wake, wadda ke shan wutar layin. In tana ci, layi na da rai kuma ba kowa a kai, duk mai kira zai samu shiga.

Wa zai biya kuɗi ya aika saƙon da ake katsewa kowane ɗan lokaci? Ɗalibai suka watse. Ƙanin mijina ya yi haƙuri har ya gaji, rannan ya tari Baba a zaure, murya sama, abin da ba a taɓa yi ba a gidan. Ya ce, "Baba, nima ɗanka ne! Ina da mata, ina da ciyarwa. Ka kashe min sana'a saboda wanda ba za shi kira ba?" Baba ya ce, "Wa ya gaya maka ba za shi kira ba?" Ya ce, "Kowa ya sani!" Baba ya ce, "To ni ban sani ba. Ka nemi layinka, wanga yana da mai shi." Neman sabon layi a lokacin kuwa sai mai dogon hannu. Ƙanin mijina ya kwashe kayansa ya koma cikin gari, ya yi shekaru gaisuwar salla kaɗai ke kawo shi. Ban ga laifinsa ba, yana da gaskiyarsa. Baba ma ya sani, don na sha ganinsa tsaye a ƙofar shagon da aka rufe yana taɓa kwaɗon.

Da shekarun da shari'a ta ɗibar wa matar wanda ya ɓata suka cika, ban ce komai ba, mahaifina ya rasu, ba ni da mai tsaya mini. Baba ne ya kira ni wata safiya ya ce in sa mayafi. Ya kai ni gaban alƙali da kansa, ya kawo mutumin Wamakko ya ba da shaida, aka yanke hukunci, aka ce in yi takaba. A hanyar dawowa na kasa daurewa, na ce, "Baba, ke nan ka yarda ya rasu?" Ya ce, "Ke aka yanke wa hukunci, ɗiyata, don ƙuruciyarki kada ta ƙare a gaban waya. Ni ba a yanke min komai ba."

Haka na yi takabata a gidan da ba a shimfiɗa tabarmar makoki ba. Liman ya zo ya ce ko a tara jama'a a yi addu'a, Baba ya ce a yi wa matafiyi addu'ar dawowa lafiya. Mata suna shigowa su gan ni da kayan takaba, su rasa abin da za su ce, su tambaye ni ya yara. Ba mutum ɗaya da ya yi mini ta'aziyya. Wannan abu ya ci ni fiye da yadda zan iya faɗa. Da wani malamin makaranta ya fito nemana, Baba ne ya yi bincike a kansa, shi ya zama wakilina, shi ya sayi gadon da aka kai ni da shi. Ranar da zan tafi ya ce, "Juma'a dai ki riƙa leƙo mu." Ban fasa ba sai in ciwo ko haihuwa.

Sannan wayar hannu ta cika gari, wayar girke ta fara mutuwa unguwa-unguwa. Yau layi ya yi, gobe babu. Ɓarayi suka riƙa yanke wayoyin kan falwaya suna sayar da jan ƙarfen. Nan ne yaran unguwa suka san Baba, tsoho da tsani a kafaɗa, yana bin lungu yana ɗaura abin da aka yanke, da kuɗin fanshonsa yake sayen wayar. An sha gaya masa ofishin ma an rufe, injinan sun yi tsatsa, ba inda wayar take zuwa. Yakan ce, "In sunka gyara nasu, su iske nawa a shirye." Jikansa, ɗana, ya saya masa wayar hannu ya ce ga zamani. Baba ya juya ta ya ce, "Wancan yaron bai san wagga lamba ba." Ya mayar masa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne fitilar. Layin kowa ya mutu a Sakkwato, amma jar fitilar ɗakin Inna tana ci. In na tambaya sai Baba ya ce akwai sauran wuta a layin. Inna kuwa kullum da safe, in ta idar da lazimi, sai ta dubi bango ta ce, "Tana ci." Baba ya ce, "Tana ci." Sannan a kawo koko. Na ji wannan gaisuwa tasu ba adadi, har na daina jin ta.

Da ciwo ya kwantar da shi a bana, wata Juma'a ya ce wa Inna ta je ta dafa masa ruwan zafi da kanta, wai na yaran nan ba ya yi masa daɗi. Tana fita ya ce in sauko da gwangwanin. Ya nuna mini inda ake danna murfin. A ciki, bayan 'yan kayan da ya liƙa, ga batir irin na rediyo an naɗe da tsumma. Wayar layin ma ba a haɗe take da komai ba.

Na dube shi, ya kawar da kai. Ya ce, "Tun shekarar da anka rufe ofis. Ranar da fitilar ta mutu, Innarku ta wuni ba ta ci abinci ba. Ba ta ce komai ba, kin san ta. Washegari na sa wanga." Ya huta, ya ce, "In kin ga ta fara dushewa ki canza. Kada ta sani. Ita ba ta da inda za ta sa wancan yaron sai nan." Na ce, "Baba, kai fa?" Ya dubi fitilar. Sannan ya ce, "Ni na san hamada." Ashe duk hawan tsanin nan da ake masa dariya, don Inna ta gan shi ya fita da tsani ne. Na mayar da gwangwanin bango ina kuka, na goge ido kafin ta dawo da ruwan.

Bayan addu'ar bakwai baƙi suka ragu. Ran nan da la'asar na lura fitilar ta yi rauni, jan ya koma kamar garwashin da toka ta rufe. Dama da sabon batir a jakata tun ranar jana'iza. Na jira Inna ta fita alwala, na sauko da gwangwanin, ina cikin danna murfin sai na ji muryarta a bayana.

"Aje abin nan, ɗiyata."

Na juyo da gwangwanin a hannuna. Ta shigo ta zauna a gefen gado, ruwan alwala na ɗiga daga haɓarta. Ta ce, "Na san ƙarar murfin nan. Duk ranar da ya ce in dafa mai ruwa da kaina, na san abin da za shi yi. Nakan daɗe a madafa don in ba shi lokaci."

Na ce, "Inna, tun yaushe?"

Ta ce, "Tun ranar farko. Ni yarinya ce? Wayar kowa ta mutu, tawa kaɗai ke da rai? Shi ya ɗauka ni yake rarrashi. Ni kuma na duba, in na ce mai na sani, mi za shi tashi shi yi da safe? Mutumin da ke ganin shi ya rufe wa ɗanshi ƙofa. Sai na bar shi yana buɗe ta." Ta miƙo hannu ta shafa murfin gwangwanin. "Yanzu ba wanda za mu yi wa. Cire wancan ma."

Na zare tsohon batirin. Fitilar ta mutu.

Ana jin masu keke suna ta hon a bakin titi. Sai Inna ta buɗe baki ta kira sunan ɗanta na fari, sunansa na yanka, a fili, kamar yana tsakar gida za ta aike shi. Tunda aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Ta sake kira. A na ukun muryarta ta karye, kukan da ba ta yi ba ranar Talata ya zo mata gaba ɗaya, na riƙe ta, jikinta ba nauyi kamar na yaro.

Da ta natsu ta ce in kira mata ƙanin baban yara, wanda tun rasuwar yake zaure yana karɓar gaisuwa. Ya shigo ya durƙusa. Ta ce, "Ka gaya wa liman gobe a sake shimfiɗa tabarmi. Mutum biyu munka rasa a gidan ga, ɗaya anka yi wa addu'a." Ya dubi gwangwanin da ke buɗe a cinyata, ya dubi bango, ya sa hannu ya rufe fuskarsa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa abin da ya kasa yafe wa kansa, Ya haɗa shi da wanda ya yi ta jira a inda ba a neman layi. Waɗanda suka san shi da tsani a kafaɗa, yanzu sun san abin da yake ɗauke da shi.

Da na tashi tafiya gida, na sa mayafi na durƙusa yi wa Inna sallama. Ta kama hannuna ta riƙe, ta dube ni sosai, ta ce abin da na jira shekara ashirin da wani abu ban ji daga bakin kowa ba.

"Sannu da haƙuri, ɗiyata. Allah shi jiƙan mijinki."